Labule Tsanwa a Shekarar Fari

Ni ce mace ta farko da ta yi falo a unguwarmu a Tsamaye, kuma har yau ba na son a tuna mini.

Maigidana ne ya kawo kujeru uku na katako daga Sabon Birni, bayan damina ta ƙarshe da ta yi albarka. Kujeru tsirara, ba katifa ba matashi. Ya ce nasa ya ƙare, saura nawa. Ni kuwa abin nema ya samu, don ina da keken ɗinki, ina kuma son a gani a yaba, ba zan ɓoye ba. Na shafe bango da farar ƙasa, na ɗiga mata shuni don ta yi haske. Dillaliyar da ke kawo mana yadi har gida sai da ta gaji da ni. Ta kawo ja, na ce ya cika ihu. Ta kawo ruwan goro, na ce kowace amarya shi ne a ƙofarta. Sai a zuwa na huɗu ta warware wani tsanwa shar, irin na gero in ya kai gwiwa, da ɗigo-ɗigon ruwan ƙwai. Na ɗinka labule biyu da rigunan matasai shida, na cusa musu audugar rimi har suka yi tim. Inna, uwar mijina, ta leƙo ta ce ja ya fi ɓoye dauɗa. Na ce a raina tsohuwa me ta sani.

Daga nan ruwa ya ɗauke. Shekarar farko gero ya tsaya a gwiwa ya ƙone, ta biyu ko tsiro bai yi kirki ba. Fulanin da ke kawo mana nono suka kora abin da ya rage musu suka yi kudu. Maigida ya tafi cin rani tun kafin lokacinsa, labarinsa ya yanke. Aka bar mu mu uku: ni, da Inna, da 'yata ta fari wadda na yaye dole saboda nono ya ƙafe.

Na sayar da tunkiya, na sayar da kwanonin jerena, gado ya bi su, keken ɗinkin ma ya tafi. Muka koma cin anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana zubar da ruwan. Babba ya iya haɗiye ta, yarinya kuwa tana ci tana zawo. Amma falo ban taɓa shi ba, don nan duk mai sallama yake zama. Da abin ya ƙure na farke matasan, na sayar wa mai katifa audugar, na cika su da ƙaiƙayin gindin rumbu na ɗinke da hannu. In ba ka jingina ba, ba za ka sani ba.

Sai aka ce za a raba hatsi da garin madara na yara, amma ba zai isa kowa ba. Mata biyu za su bi gida-gida su rubuta waɗanda suka fi galabaita: wata malamar asibiti, da wata dattijuwa daga gidan mai unguwa. Inna ta ce in kwance labulen, in tarbe su a tsakar gida kusa da tukunyar anza, yarinyar tana cinyata. Ta ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

"Inna, ko mutuwa za ni yi, ba za a gan ni tsirara ba," na ce mata.

Na share falo, na karkaɗe labule, na tono guntun turaren wuta da na ɓoye tun lokacin aurena, na turara. Yarinyar na miƙa wa Inna a ɗakin ciki, don ƙafafunta sun zama kamar kara, ban so a gani.

Suka zo da hantsi. Dattijuwar ta zauna a tabarma. Malamar ta ɗosana a bakin kujera, ba ta ko jingina ba. Ta ɗaga kai ta ce ta yi wata biyu ba ta ga abu kore ba sai a ɗakina, ta tambayi inda na samo yadin. Allah Ya yafe mini, daɗi na ji. Na zauna ina ba ta labarin ja da ruwan goro, har da dariya. Da ta tambaye ni ko akwai abin sawa a tukunya, bakina ya ce alhamdulillahi kafin in yi tunani, kamar yadda aka koya mana amsa gaisuwa. Ta ce yara fa? A wurinmu uwa ba ta zancen 'yar fari a gaban mutane, ko sunanta ba ta kamawa. Na sunkuyar da kai na ce tana wurin kakarta. Malamar ta rufe littafinta, suka yi mini sai an jima.

Ranar rabo na yafa mayafi na tsaya a bayan layi, ina cewa ai sun san halin da gari ke ciki. Aka kira maƙwabtana na dama da na hagu. Aka kakkaɓe buhun ƙarshe ina tsaye. A nan kunyar ta sake ni, lokacin da ba ta da sauran amfani. Na kama zanen dattijuwar a gaban jama'a, na gaya mata komai, har ƙaiƙayin.

Ta ce mini, "Ɗiyata, mi yas sa ba ki hwaɗi ba ran nan? Mun ga ɗakin ga naki, munka ce wagga ita ka taimakon wasu."

Ta kwance bakin zanenta ta zuba mini ɗan geron da ke ciki, bai cika tafi biyu ba. Na dama kunu sau uku da shi. Yarinyar ta sha na farko, ta sha rabin na biyu, na ukun ba ta iya haɗiyewa ba. Ta cika ranar Laraba da la'asar.

Inna ce ta yi mata wanka. Ina durƙushe a ƙofa ina jira ta zage ni, ina ma so ta zage ni. Ta fito tana share hannu a zane, ta tsaya a kaina.

"Bangon ga ba shi da kauri," ta ce. "Duk abin da kic ce na ji shi, ɗiyar tana hannuna. Ni ma ban hito ba."

Ta zauna kusa da ni a ƙasa, muka jira maza su zo ɗauka.