'Yar Mesar Kaka Nomau

A kakar shekarar 1960, 'yan makonni bayan shagalin samun 'yancin kai, na kai wa masu yankan dawa fura a gonar kakana da ke bayan garin Kebbe, sai na ji sun kaure da ihu. Na sauke ƙwaryar na ruga. A ƙarƙashin tarin karan da suka ɗaga, wata 'yar mesa ce ta dunƙule kamar curin fura, ta cusa kanta a tsakiya, fatarta na sheƙi kamar an shafa mata man shanu. Wani saurayi har ya ɗaga fartanya, kakana ya riƙe masa hannu ya ce, "Mi ta yi maka? Wagga ba ta da dafi, tsoro ɗai taka ji." Ya sunkuya ya ɗauke ta, ya ɗora min a tafin hannu tun kafin in yi shawarar gudu. Sanyi na fara ji, sai nauyi, can a hankali ta zaro kai ta leƙo ni.

Kaka Nomau mahaifin mahaifiyata ne. Da ƙuruciyarsa gardi ne, ya zaga kasuwanni yana wasa da macizai, da girma ya kama shi ya ajiye ya koma noma. Ni kuwa a Tambuwal aka haife ni, inda mahaifina yake koyarwa a makarantar elemantare. Mahaifiyata ta haihu a daminar nan ta sha jinya, shi ya sa aka kai ni Kebbe in zauna wurin Kaka da Inna Kulu, ƙanwar mahaifiyata, wadda ke riƙe da gidan tun rasuwar kakata. Shekaruna ba su wuce takwas ba. Kaka ba ya kiran sunana, sai dai "uwargida", ni kuma in murguɗa baki in ce ba na son tsoho.

Inna Kulu ta rantse ba za ta kwana gida ɗaya da maciji ba, amma ta kwana, don Kaka ya yi wa mesar ɗaki a inda ba za ta riƙa ganinta ba. Akwai wata tsohuwar randa da ta tsage aka daina zuba mata ruwa. Muka mirgina ta bayan madafi, muka kwantar da ita, gindinta ya jingina da bangon da murhu ke gasawa daga ciki. Na yi ta jido yashi daga rafi muna shimfiɗawa, muka kifa sakaina don ta samu maɓoya, muka ajiye ɗan kasko na ruwa kusa da baki, sannan ya rufe bakin da tsohon faifai ya tokare da turmi. Ya nuna min cewa dole gefe ɗaya ya yi ɗumi, ɗaya ya yi sanyi, ita za ta zaɓi inda take so. "Maciji ba shi da wuta tasa," in ji shi, "aro yaka yi."

Da sanyi ya fara shigowa, ɗumin bangon ya daina isa. Sai ya zama kullum da safe, kafin in tafi rijiya, in ciro duwatsu biyu daga tokar murhu, in naɗe su a tsumma, in kara a kumatuna. In fuskata ta jure, to mesar ma za ta jure, sai in tura su ƙarƙashin gindin randar. Da la'asar a sake. Abincinta kuwa ɓerayen rumbu ne, waɗanda Kaka ke kamawa da tarko, kuma in ta haɗiye ɗaya sai ta yi kwanaki ba ta nemi wani ba. Tsakanin surfe da shara da tsinkar zogale nake samun lokacinta. 'Yan matan unguwa da muke gaɗa tare suka fara biyo ni gida, su tsaya nesa suna leƙe, suna ƙyalƙyala dariya in ta naɗe min hannu har gwiwa. Ran da ta yi saɓa, Kaka ya ba ni fatar, fara sol kamar bawon albasa, na ɓoye ta a cikin kwallar Inna Kulu, ta gani ta kusa suma.

A haka mahaifina ya iso wata Juma'a a kan kekensa, ya zo ɗaukata don a sa ni makaranta. Bai aiko ba. Ya shigo ya same ni zaune a kan tabarma, mesar a wuyana, Kaka na gefe yana gyaran igiya tare da wasu dattawa. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Mutum ne mai kunyar surukinsa, ko ido ba ya haɗawa da shi, amma ran nan tsoro ya kwance masa baki. "Na ba ku amanar ɗiya, kun maishe ta ɗiyar gardi!" Dattawan suka sunkuyar da kai. Kaka ya tashi ya zare mesar daga wuyana a hankali, ya mayar da ita randa, ya shige ɗaki. Ko ruwa mahaifina bai sha ba. Aka ɗaure 'yan kayana, aka aza ni bayan keke, ina waige ina kuka, Kaka bai fito ba.

Sauran labarin daga bakin Inna Kulu na ji shi. Bayan tafiyata Kaka ya ci gaba da sauya duwatsun da kansa, har tari ya kama shi, sunkuyo ya gagara. Ya roƙe ta ta taimaka, ta ce komai za ta yi masa ban da wannan. Wata safiya da ake tsananin sanyi ya cusa mesar cikin rigarsa, ya dogara sanda ya tafi bakin fadama, ya sake ta a ramin wani suri, don ya ce cikin suri ba ya rabuwa da ɗumi. Ya dawo yana rawar ɗari, ya kwanta, bai sake tashi ba.

A Tambuwal kuwa mahaifina ya daɗe da yin nadama. Ya sayi bargo mai kauri ya ajiye, yana cewa da an ba da hutu zai kai wa Kaka ya nemi gafara, da ni za a je. Saƙon rasuwar ya riga hutun zuwa. Mun isa Kebbe an riga an dawo daga maƙabarta. Na ga mahaifina zaune a zaure da bargon a cinyarsa, bai san wanda zai miƙa wa ba. Har ya bar duniya, in aka ambaci Kaka Nomau sai ya tashi ya fita.

Kwanan baya jikana ya nuna min a wayarsa wasu mutanen ƙasashen waje da ke kiwon macizai a akwatin gilashi, da fitilar lantarki mai ba su ɗumi, ba mai tashi da safe ya tona toka. Na kalla, na ce masa sun huta. Yanzu duk lalacewar hanya, mai babur zai kai ka Kebbe ya dawo da kai Tambuwal rana ba ta faɗi ba, kuma wanda ya ɓata wa wani rai yana iya kiransa daga inda yake zaune. Mu a lokacinmu sai an jira hutu, an jira ranar kasuwa, an jira zuciya ta huce. Kebbe ba ta taɓa yin nisa ba, jiran ne ya yi yawa.