Tekun da Ya Kwana a Falonmu

Ranar wata Asabar ce a farkon watan Afrilu, ina 'yar shekara goma sha ɗaya, wata akori-kura ta tsaya a ƙofar gidanmu da ke Kamazou aka sauke mana teku. Haka mu yara muka kira shi. Ina tsugune a bakin rijiya ina wankin kayan makaranta, kumfa har gwiwar hannu, sai ga ƙarti biyu sun shigo da akwatin gilashi suna takawa kamar masu ɗauke da majinyaci. Oga Emeka na biye da su yana ta faɗin, "A hankali, abeg, a hankali!" Shi mai sayar da kayan gyaran mota ne a Kakuri, ya kuma san Babana tun Baba yana aikin lantarki a masaƙa.

Da aka ɗora akwatin a kan teburin falo aka mayar masa da ruwansa daga jarkoki, sai muka ga abin da ke ciki. Kifaye biyu ne masu launin lemo da ratsin fari, da wasu duwatsu da abubuwa suka tsiro a kansu kamar furanni, suna buɗewa suna rufewa. Oga Emeka ya ce murjani ne, kuma yana da rai. Mama ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ita murjanin da ta sani a wuyan amare yake. Damuwar Oga Emeka ita ce fitilar da ke cikin murfin akwatin tana dumama ruwan, ga zafin bazara, har bakin murjanin ya soma fari. Zai tafi garinsu jana'izar mahaifiyarsa, sai ya yi wata guda. Yana so Baba ya sa wa murfin fanka da 'yar fitilar dare, ya kuma riƙe masa akwatin har ya dawo. Ya ce in aikin ya yi kyau, akwai abokinsa mai otal da ke da irinsa manya, yana neman mai gyaran lantarki na dindindin.

Shekara biyu ke nan da rufe masaƙa. Baba ya koma zama a ƙarƙashin mangwaron tsakar gida yana gyara rediyo da dutsen guga na maƙwabta, yawancinsu da "Allah ya saka" suke sallamarsa. Ya rage magana, ya soma mantuwa, sai ya nemi tabarau alhali yana goshinsa. Amma a wannan mako na ga Babana na da ya dawo. Ya je Sabon Tasha ya ciro ƙananan fankoki biyu daga matattun kwamfutoci, ya huda murfin da kyau, ya sa ɗaya tana jawo iska ɗaya tana fitarwa. Ya ɓare wata tsohuwar tocila ya ciro ƙananan ƙwayayen fitila shuɗaye guda huɗu, ya jera su a kan ɗan siririn katako, ya liƙe kowace waya da dalma, sannan ya haɗa komai da batirin mota saboda ɗauke wuta. Yana aikin yana fito, yana rera waƙoƙin coci da muryarsa mai kama da ta ɗan maraƙi. Warin dalmar nan ya cika gidan har cikin tuwonmu.

Daren da ya kunna fitilar, duk gidan haya ya taru a falonmu. Muka bar 'yar gala-gala da carafke da muke yi a farin wata, muka zo muka manna hanci a gilashi. Hasken ba shi da ƙarfi, amma ya mayar da fuskar kowa shuɗiya, murjanin kuma ya riƙa walƙiya kore-kore. Saboda zafi a falo nake shimfiɗa tabarmata, don haka ni ce nake kwana da tekun. Inuwar ruwa tana yawo a silin, fankokin suna ta raɗa ba tsayawa, kifayen sun lafe a jikin dutse da idanu buɗe. Tsoro nake ji, amma ban taɓa roƙon a kashe ba. Wani lokaci nakan farka in ga Baba a tsaye da singileti, ya ɗora tafin hannu a jikin gilashin yana jin sanyinsa, yana murmushi shi kaɗai.

Fankokin sun sanyaya ruwan, sai dai sun sa yana raguwa da sauri. Kullum da safe Baba yakan cike shi daga wata farar jarka da Oga Emeka ya bari. Ni kuma Allah ya yi ni da shisshigi. Wata rana na tsoma yatsa a akwatin na lasa, gishiri zau. Na tsoma a jarkar na lasa, salam, ruwa ne zalla. Na ce shi ke nan, Baba ya manta da gishiri, yana tsinka wa kifaye tekunsu.

A gidanmu ba a gyara wa Baba kuskure a gabansa, musamman tun da ya rasa aiki. In ya bar ƙofa a buɗe Mama takan rufe shiru, in ya sa riga a baibai takan ce a ba ta ta goge. Ta sha gaya mini, "Saratu, in kin ga abu ya gaza, ki cike shi, ba sai kin yi shela ba." Don haka na cike. Kowace safiya kafin in ɗauki tsintsiya, nakan ɗebo gishirin miya cokali guda in kaɗa a kofi in zuba ta bayan murfin. Da na ga murjanin ya soma tsukewa sai na ce bai ishe shi ba, na mayar da shi cokali biyu. Ina yi ina jin daɗi a raina, ina ganin ni ce nake rufa wa Babana asiri.

Kafin mako uku murjanin ya daina buɗewa. Naman jikinsa ya riƙa saɓulewa yana barin farin dutse kamar ƙashi. Kifayen suka koma saman ruwa suna haki, ɗaya ya mutu ranar Laraba, ɗayan ranar Juma'a, falon ya ɗauki wani ƙarni da ya fi wata bai fita daga labule ba. Baba ya kwance wayoyin nan sau uku yana neman inda wuta take zuba cikin ruwa, bai samu ba. Ya zargi dalmar, ya zargi shuɗin hasken, ya zargi fankokin. Da Oga Emeka ya dawo bai ɗaga murya ba, kuma da ya yi faɗa da ya fi sauƙi. Ya daɗe yana kallon akwatin, ya ce, "Ba komai, Oga Ishaya." Baba ya dubi tafukansa ya ce, "Hannuna ne." Maganar otal ba ta sake tasowa ba. A makon Baba ya tattara kayan aikinsa a akwatin ƙarfe ya tura ƙarƙashin gado, ya karɓi aikin gadi a wata makaranta.

A lokacin ban san ni ce ba, ko kuma ban yarda in sani ba. Sai da na shiga sakandare, ranar da malamin kimiyya ya tafasa ruwan gishiri a gwangwanin madara har ya ƙone, ya zagaya da shi yana nuna mana farin da ya rage a gindi. Ya ce, "Ruwa ne kawai yake tashi, gishiri yana nan inda yake." 'Yan aji suna rubutawa, ni kuwa biro ya faɗi daga hannuna. Ashe Baba bai manta komai ba. Ruwan zalla shi ne daidai, aikinsa ba shi da aibu ko ɗaya.

Na dawo gida da niyyar faɗa masa, na same shi yana barcin rana saboda gadi, na ce sai gobe. Goben nan ta kai ni jami'a, ta kai ni gidan miji. Ina jin kunya, ina kuma tsoron idon da zai dube ni da shi. Shekarar da zai rasu ya zo gidana a Mahuta ya kwana biyu, fankar ɗakin baƙi ta tsaya. Na kawo masa sukundireba na ce, "Baba, ka duba mana." Ya mayar da hannayensa baya kamar na miƙa masa garwashi, ya ce, "Kira mai gyara, 'yata. Ni abin da na taɓa lalacewa yake yi." Maganar tana bakina, mu biyu ne kaɗai a ɗakin. Na ce, "To, Baba."

Yau gonakin masarar da ke bayan gidanmu na Kamazou duk sun zama gidaje, na kuma kusa kai shekarun da Baba yake da su a wancan Afrilu. Yaro ma in ya duba waya zai san cikin minti guda abin da ya kashe kifayen nan. 'Ya'yana sun san kakansu a matsayin mai gadi, ni kaɗai na san irin hannun da yake da shi. Ina kewarsa, kuma ban yafe wa kaina ba. Gishirin kuskuren yarinya ne, amma shirun nawa ne.