Hannun da Baffa Ya Kai Ɗori

Har yau idan wani ya tare ni a kasuwar Yelwa ya ce, "Allah sarki, ashe wasan nan ya nakasa ƙanenki," sai in ji raina ya ɓaci tun kafin ya rufe baki. Wasa bai nakasa shi ba. Ƙattai sun yi shekaru suna kayar da shi suna danne shi a gaban dubban mutane, yana tashi yana kakkaɓe jiki. A gida aka nakasa shi, da rana tsaka, mutane na cewa madalla.

Ƙanena ɗan wasan ƙwallon Amurka ne, irin wadda ake sa hular kwano mai ƙarfe a fuska, ƙwallon kanta doguwa kamar gwanda. Aikinsa a fili guda ɗaya ne. Zai sheƙa a guje, ya zille wa mai tsaronsa, mai jifa ya wurgo ƙwallo daga nesa, shi kuma ya cafe ta kafin ta taɓa ƙasa. In yana cafewa yana da aiki. In ta faye suɓuce masa, akwai samari a layi suna jiran gurbinsa. Abincinsa gaba ɗaya a yatsunsa yake.

Mu da muka san shi tun yana yawo ba wando ba mu yi mamaki ba. Babanmu sarin kifi yake yi tsakanin Wara da Yelwa, kuma tun yaron yana ƙarami masunta suka mai da shi abin wasa. Kafin jirgi ya iso gaci sai su wurgo masa tarwaɗa mai rai, ga santsi ga ƙaya, ya cafe ta a wuya yana dariya. A sakandare malamin wasanni ya ga gudunsa ya kai shi gasa Kaduna. Daga nan wasu masu neman yara dogaye suka gan shi, aka ba shi gurbin karatu a Amurka. Ya gama sakandare a can, ya yi jami'a yana buga musu wasa, sannan wani kulob ya ɗauke shi. Da fari a cikin 'yan atisaye aka sa shi, waɗanda ake gumurzu da su duk mako amma ranar wasa su zauna kallo, kuma kowace safiya ana iya cewa mutum ya kwashe kayansa. Ya daure, har aka fara sa shi a fili.

Idan ya turo bidiyon wasa, da safe nake kai wa Inna kafin in wuce makarantar da nake koyarwa. Ba ta taɓa kallo har ƙarshe ba. Da zarar an taho masa sai ta rufe ido da gefen zane.

"Ƙattan ga mi yay yi musu?" in ji ta. "Ya ba su abinsu mana su bar mini ɗa."

Babanmu ya rasu yaron yana jami'a, gida ya koma hannun wan babanmu, Baffa. Wannan Baffa shi ne ya ce wasan banza ne, ɗan mutunci ba ya ƙetare teku don guje-guje. Amma ranar da aka rushe zauren ƙasa aka yi na siminti da kuɗin wasan, yaro ya tashi daga "ɗan ƙanena" ya koma "ɗana". A majalisa Baffa ya zama malamin ƙwallon Amurka, yana yi wa mutane bayanin dokokin da shi kansa bai sani ba. Ban damu ba. Tsoho ne, na ce ya ji daɗinsa.

A ƙarshen wata kakar wasa ƙanena ya yi tsalle ya cafe ƙwallo, aka buge shi a sama, ya sauko a kan hannun dama. Tsintsiyar hannun ta karye. Likitocin kulob suka yi masa tiyata, suka haɗa ƙashin da ɗan ƙarfe da ƙusoshi, suka ɗaure da roba. Sun ce aiki ya yi kyau, ya kiyaye shi kawai, kada ya ɗauki nauyi, kada wani ya murɗa. Kwantiraginsa ya zo ƙarshe a lokacin. Kulob ya gaya masa a fili cewa in aka dawo atisaye da damina hannun na kama ƙwallo, za a sabunta, in kuwa ba ya kamawa, to, kowa ya kama gabansa. Duk wannan ya faɗa mini a waya, kuma na faɗa wa kowa a gida. Ina so a riƙe wannan: ba wanda bai sani ba.

Da bazara ya zo ganin Inna. Ya durƙusa gaida Baffa a zaure, ni ina tsaye da kwanon ruwa. Idon Baffa ya sauka a kan robar, ya tambaya kamar bai sani ba.

"Mi na na ga hannunka?"

"Aikin da anka yi mini na, Baffa. An sa ƙarhe ciki, ya kusa warkewa."

"Ƙarhe? Kai mota na?"

Mutanen zaure suka yi dariya, yaron ma ya taya su. Baffa bai yi ba. A gidanmu akwai al'ada tun kakanni, duk wanda ya karye, wani gidan maɗora ake kai shi a wani tsibiri da ke cikin tafki, gaba da Wara. Can aka ɗora babanmu da ya faɗo daga mota, can aka ɗora Baffa yana saurayi. A wajen Baffa, ɗan gidanmu ya karye a ɗora shi wani wuri cin fuska ne ga mutanen tsibiri, kuma abin faɗa ne a gari.

"Gobe mu tahi a duba shi," in ji shi.

Ƙanena ya yi bayani a hankali, kansa a ƙasa. Ya ce likitoci sun hana a taɓa, ya ce aikinsa ya dogara da hannun nan. Baffa ya bar shi ya gama.

"To, na ji. Ka hi ƙarhin gidan ubanka ke nan. Tashi ka ba ni wuri."

Daga ranar ya daina amsa gaisuwarsa. Yaro zai zo da safe ya durƙusa, Baffa ya juya kai yana jan carbi. Ƙato mai tsawon da sai ya sunkuya zai shiga ƙofa, ya koma ɗaki ya zauna kamar an yi masa mutuwa. Inna ta shiga kuka. Ba ta son a ce ɗanta ya tafi da fushin uba a kansa.

"Ka tahi dai," ta ce da shi. "Tohi kawai maɗori za ya yi maka, ku dawo, a zamna lahiya."

Na je wajen Baffa da kaina. Na durƙusa yadda ya kamata, na ce a yi wa Allah a bar hannun nan. Ko kallona bai yi ba.

"Ke, maganar maza ta. Koma gidan mijinki."

Na koma wajen ƙanena na kama kunnensa, da gaske na kama, na ce in ya shiga jirgin nan ni da shi ne. Ya yi murmushin nan nasa mai ban haushi.

"Yaya, kwantar da hankalinki. Ba ni bari a murɗa. Ya duba, ya yi addu'a, Baffa ya huce."

Ban yarda ba, don haka da safe na riga su zuwa tasha. Muka hau mota zuwa Wara, a jirgin ruwa kuma Baffa ya zauna ya ba ni baya. Ruwa ya ja baya sosai saboda rani, sai da muka taka laka kafin mu hau tsibirin.

Maɗorin tsoho ne mai sanyin murya, kuma ban ƙullace shi kamar yadda na ƙullaci namu ba. Abin da ya gada ya yi. Mata ba sa shiga zauren ɗori, sai na tsaya a bakin ƙofa inda nake jin komai. Na ji ƙanena yana cewa akwai ƙarfe a ciki. Na ji Baffa ya katse shi ya ce, "Malam, duba abinka, kak ka biye ta yara." Maɗorin ya shiga lalube. Yatsansa ya taɓa tudun ƙarfen a ƙarƙashin fata.

"Wanga ya ɗoru a karkace," ya ce. "Ga ƙashi nan ya taso. Sai an mai da shi."

Na ɗaga murya daga waje na ce ƙarfe ne, ba ƙashi ba ne. Wani ya leƙo ya ce in yi wa mutane shiru. Ina jira in ji ƙanena ya ce a'a. Kalma ɗaya ce, yaron goye ma ya iya ta. Abin da na ji shi ne muryar Baffa yana cewa, "Miƙa hannu, ɗana." Sai aka kira samari biyu su riƙe shi.

Bai yi ihu ba, ya saba da ciwo. Wata 'yar ƙara na ji, sannan numfashinsa. Da suka fito rigarsa ta jiƙe sharkaf, hannun an jera masa karan dawa an naɗe tam da tsumma, robar likita kuma tana hannun Baffa yana kaɗa ta. Maɗori ya ce kada a kwance sai wata Juma'ar. A jirgi Baffa har goro ya raba wa mutane.

Washegari yatsun suka kumbura suka yi baƙi. Na taɓa su, sanyi ƙalau, na ce yana ji? Ya ce ba ya ji. Aka gaya wa Baffa, ya aiko cewa magani ne ke aiki. Ban sake neman izinin kowa ba. Na ɗauki reza na yanke tsumman nan, na watsar da karan a tsakar gida, na sa mijina ya nemo mota muka nufi asibiti a Sakkwato. Hoton ƙashi ya nuna ƙarfen ya lanƙwashe, ƙusa ta fita daga mazauninta, ƙashin ya sake rabuwa, ɗaurin kuma ya danne jijiya. Likita ya tambaye shi me ya faru. Ina zaune a gefensa ya buɗe baki ya ce faɗuwa ya yi a banɗaki.

Haka ya faɗa wa kulob ɗinsa ma da ya koma. Aka sake tiyata, aka ƙara wata. Ƙashi ya haɗe, amma babban yatsa da biyun da ke kusa da shi suka ƙi rufewa. Ya je atisaye da damina duk da haka. Gudunsa na nan, zilliyarsa na nan, ƙwallo ta zo ta daki tafin hannun ta faɗi. Wata safiya koci ya kira shi ofis ya yi masa godiya, ya kwashe kayansa. Wasu kulob ɗin sun gayyace shi gwaji, da likitansu ya ce ya dunƙule hannu sai magana ta ƙare. Yanzu yara yake koya wa wasan a wata sakandare a can.

Shi kuwa Baffa, ku je majalisa ku ji. Cewa yake ɗori ya kama sarai, wata mara kunya ce ta kwance shi kafin lokaci. Akwai masu yarda da shi, har cikin danginmu. Na daina zuwa gaishe shi, aka ce na yanke zumunci. Ƙanena kuma duk Juma'a sai ya kira shi a waya ya tambayi lafiyar ƙafarsa. Wannan ya fi komai ƙona mini rai. Ina son yaron nan kamar raina, amma akwai ranakun da in na tuna shirun da ya yi a zauren tsibiri sai in ji da yana kusa da na mare shi.

Da babbar Sallar bara ya zo gida. Inna ta yi tuwon shinkafa da miyar kifi, aka kai zaure, maza suka kewaye kwano. Ni na kai ruwan wanke hannu, don Inna ta roƙe ni in yi ko don idon baƙi. Ƙanena ya zaro cokali daga aljihu a ɓoye, ya maƙale shi tsakanin yatsun da suka rage masa. Baffa ya gani.

"Cokali? Cikin kwanona? Amurka ta mai da kai Bature, har tuwon uwarka kana ƙyama?"

"Ka yi haƙuri, Baffa."

Ya ajiye cokalin. Ya sa hannu ya gutsuro tuwo, ya yi ƙoƙarin mulmula shi, lomar ta wargaje ta zube a tabarma. Ya sake, ta sake zubewa. Duk zauren aka sunkuyar da kai ana ci.

Na dire butar da ƙarfi har ruwa ya fantsama a rigar wani baƙo.

"Baffa, hannun da kas sa anka karya na. Dube shi da kyau. Ko loma ba ya iya yi."

Baƙi suka cire hannu daga kwano. Baffa ya buɗe baki, amma ba shi ya yi magana ba. Ƙanena ne ya ɗago ya dube ni, idonsa jawur.

"Yaya, ba a yi wa Baffa haka. Ba shi haƙuri."

Ban bayar ba, kuma ba zan bayar ba. Shi ya bayar a madadina, ya durƙusa har ƙasa. Sannan ya wanke hannun ya ce alhamdu lillahi ya ƙoshi, ya tashi bai kai ko loma ɗaya bakinsa ba.