Mashin da Balki Ta Jefa

Abin ya daɗe, ban kuma rubuta komai a lokacin ba, don haka ina tsoron kada in ƙara ko in rage. A ganina shekarar da aka yanke Kebbi daga Sakkwato ce, ko wadda ta biyo ta. An dawo da mahaifinmu aiki Birnin Kebbi, bai samu gida da wuri ba, sai aka kai ni da ƙanwata Balki Zauro, wurin kakarmu Ige.

Kaka ba ta yin tatsuniyar da yara za su zauna su yi shiru. Bayan magariba, tana turara shinkafa a bakin murhu, sai ta jefa mu cikin labarin, ni da Balki da Sani ɗan kawunmu. Kowa ya zaɓi makami, kowane makami da sharaɗinsa, kuma sau ɗaya take faɗa. In ka ce za ka yi wani abu, sai ta damƙe karan shinkafa uku ka ja ɗaya. Dogo, ka yi nasara. Gajere, sai yadda ta yi da kai.

Ni garkuwa na ɗauka. Ba abin da ke huda ta, amma muddin tana sama mai ita ba ya ɗaga ƙafa. Sani ya ɗauki takobi mai yanka ƙarfe, wanda ba ya ci a cikin ruwa. Balki ta ce mashi. Shi ba a jan kara a kansa, ba ya kuskure, amma wanda ya jefa shi ba zai ƙara magana a labarin ba har kwana bakwai. Duk muka yi dariya, domin Balki ko tana cin tuwo ba ta yin shiru.

Labarin na wani ƙaton kada ne da ya tare mashigin gulbi, ya hana kwalekwale zuwa Argungu. A tsakiyar mashigin ya taso mini, na ɗaga garkuwa. Kaka ta ce ruwa na ƙaruwa. In na sauke, kadan ya ɗauke ni, in na tsaya, ruwa ya ci ni.

"Maigidan, ja kara," in ji ta. Na ja gajere.

"To, ruwa ya kai maka wuya. Wa ad da magana?"

Balki ta miƙe tsaye. "Na jehwa."

Sani ya ce, "Kaka, a yi mata rangwame mana, kwana biyu."

"Kai, ni na ƙera mashin? Haka nis same shi."

Kadan ya mutu, muka haye. Washegari muka shiga Argungu a labarin, ana yi mana kiɗa, Balki na zaune leɓenta a cije. A rana ta uku, in ban manta ba, Kaka ta dube ta, tausayi ya kama ta. Ta ce, "Ke 'yar nema, na yahe miki. Yi maganarki."

Balki ta naɗe tabarmarta, ta fita bayan zana, ta ɗaga murya daga can. "Nan ba cikin labari nike ba, ku ji. Ban son rangwame. In anka yahe man, mashina ya koma sanda ke nan." Ta dawo ta zauna, ta cika kwana bakwai cif.

Na girma, na yi jami'a, ina nan da halina na jin tsoron motsi. Sau ɗaya tak a wurin aiki na buɗe baki, ranar da aka so ɗora wa wani abokin aiki laifin da na san ba nasa ba ne. An daɗe ba a kira ni taro ba. Masu son alheri suka ce in je in ba da haƙuri a wuce wurin. Ban je ba. Da na je, da shaidar da na bayar ta tashi a banza.

Sani ya ce takobinsa ne ya raunata kadan tun farko. Ban tuna haka ba, sai dai mai yiwuwa ni na manta. Duk wanda ya zauna a bakin murhun nan, don Allah ya aiko mini da gyara, zan karɓa. Abu ɗaya ne ba zan gyara ba ko wa ya faɗa: masu cewa Balki ta yi kuka a kwanakin nan. Ina kusa da ita. Ba ta yi ba.