Farantin da Ta Jefar

Nas-nas na kiranta Uwar Ƙwayoyi. Tana yarinya aikin jinya ta so, sai ta gano ba ta jure kukan mai ciwo, ta koma ɗakin gwajin ƙwayoyin cuta na asibitin, can ƙarshen baranda. A nan furfura ta same ta. Mijinta, direba, yakan ce da ma shi ma ƙwayar cuta ne, ya samu tarairaya.

Na san ta bayan rasuwar babbar cikin tagwayena, bakwaini. Wata ƙwaya dangin yis ɗin burodi ce ta shiga jininta. Ba mu gama karɓar gaisuwa ba aka sami irinta a jinin ƙaramar. Maganin da aka ba yayarta shi ake ba ta. Akwai wanda ya fi shi ƙarfi, amma yana taɓa ƙoda, likita ya ce sai ya ga sakamakon gwaji.

Uwar Ƙwayoyi ta nuna mini wani farantin roba mai jerin ƙananan ramuka. Kowane rami da magani a ciki, ƙarfinsa ninkin na bayansa. Za ta ɗiga ƙwayar da aka samu a jinin ’yata, ta kwana a akwatin ɗumi, a ga ramin da ta kasa tsiro. A wani layin tana ɗiga wata ƙwayar da ta san halinta, tana kiranta shaida.

Washegari na same ta tsaye, farantin a hannu.

“Baban biyu,” ta ce. “Shaidata ta tsiro inda bai kamata ba. Maganin cikin farantin ya lalace.”

“Anti, layin ’yata fa? Me ya nuna?”

“Ba zan karanta shi ba.”

“Don Allah ki duba kawai.”

“In na duba zan gaskata, in na gaskata zan faɗa. Ƙodar jaririya ce fa.”

Ta jefa shi a bokitin ƙonawa, ta ɗauko sabo.

Na koma gaban gilashin ɗakin jarirai, ina kallon ƙirjin ’yata yana hawa yana sauka. Matata ta tambaye ni me aka ce. Na ce gobe.

Faranti na biyu ya nuna maganin ba ya kama ƙwayar. Aka canza zuwa mai ƙarfin. Zazzaɓin ya fara sauka. Yanzu duk ƙyallen fitsarin da aka cire mata sai an ɗora a sikeli don a san ko ƙodar na aiki. Idan nas ta nufi sikelin, ba na iya zama.