Hannu Ne, In Ji Baba Sajan

Duk wanda ya san Baba Sajan ya san ba ya taɓa aiki a kan bindiga sai ya sunsuna ta. Wallahi sunsunawa! Ya kai ta hanci kamar mai sayen daddawa, ya ja numfashi, ya yamutsa fuska ya ce, "Wannan ba a yi mata wanka ba." Tsohon ɗan sanda ne, ma'ajiyar makamai ya riƙe a gida har ya yi ritaya, sannan rabo ya kawo shi Doha, wani kulob na masu wasan harbi can wajen Umm Salal. A hannunsa na koyi aikin, kuma ɗakinmu ɗaya a Sanaiya, unguwar ma'aikata, don haka na ga abin da ba ku gani ba.

Kulob ya sayo kayan goge bindiga masu tsada, Baba ko kallonsu bai yi ba. Shi dai tsummar singileti da tsohon buroshin haƙori. Wata safiya na nemi nawa sama da ƙasa.

"Baba, ka ga buroshina?"

"Ya samu ƙarin girma, Habu. Da bakinka yake wankewa, yanzu fistol."

Sabo ne fa!

Sai kalmarsa da kowa ya haddace: "Hannu ne." Irin fistol ɗin nan mai ɗora wa kanta harsashi, ƙarfin harbin ne ke tura murfin sama baya, ya dawo ya ɗauko na gaba daga magazin. In wuyan hannunka ya yi sako-sako, murfin ba ya kai ƙarshe, sai harsashi ya cije a bakin hanya. Wani ƙaton Balarabe, ƙirji kamar firij, ya taɓa zuwa yana faɗa wai an ba shi lalatacciya. Baba ya karɓa, ya harbe magazin ɗin tas a kan allon saiti, ko sau ɗaya ba ta cije ba, ya miƙa masa.

"Hannu ne, habibi. Riƙe ta kamar ka kama ɓarawo, ba kamar kana gaida surukinka ba."

Ni ya sa na fassara. Na bar surukin a waje, don ina son aikina.

Da korona ta zo aka rufe kulob, ta kuwa kama Baba ta kwantar da shi asibiti. Ya fito a rame, hancin ma ya daina aiki. Amma ranar da aka buɗe, sai ga shi ya zame takunkumi ƙasa yana sunsunar bindiga kamar da.

"Haba Baba, ai ba ka jin warin komai yanzu."

"To ita ta sani?"

Gab da gasar ƙwallon ƙafa ta cin kofin duniya, kulob ya sayo sababbin fistol saboda baƙi, mudir, wato manajan kulob, kuma ya ce duk mai koyarwa sai ya sake gwaji da su. Wanda ya faɗi ya sauka daga layin harbi, kuma a shekarun Baba, sauka daga layi tikitin gida ke nan. Baba ya ɗauki tasa don ya saba da ita. Harbi kaɗan, ta cije. Ya gyara, ta sake cijewa.

Ranar farko ya ce giris ɗin kamfani ne. Ya kwance ta ya wanke, da buroshina, ya ɗiga mata mai. Ta cije. Ya ce sifirin ɗin magazin ne ya yi tauri, sabon abu kamar sabon takalmi ne, sai ya ci ƙafa. Ya canza magazin, yana buga gindinsa da tafi don ya zauna daidai. Ta cije. Ya ce harsashin ne ba shi da ƙarfi, aka kawo wani. Ya zagi kamfanin, ya zagi jirgin da ya ɗauko ta. Abu ɗaya ne bai ambata ba, kuma duk muna ganinsa: wuyan hannun nan nasa da cuta ta cinye yana lanƙwasawa a kowane harbi. Wa zai faɗa? Ni dai tausayi ya hana ni.

Ana gobe gwaji ya miƙo mini ita. "Yalla, gwada mu gani."

Na san in ta tafi lafiya a hannuna na gama da shi. Sai na saki wuyan hannuna da gangan. Ta cije. Na ce, "Ka gani, Baba? Ita ce. A mayar musu da kayansu."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ɗaka mini duka a kafaɗa.

"Ni na koya maka riƙo, ni za ka yi wa ƙarya da hannu? Kama ɓarawon nan, ɗan nema!"

Na kama. Ta juye magazin ɗin tas, ko tari ba ta yi ba. Baba ya karɓe ta, ya duba babu komai a ciki, ya sunsuna, ya ajiye a hankali.

"Lafiyarta lau," ya ce. "Hannu ne. Khalas."

Da ƙafarsa ya je wurin mudir, bai jira gwaji ba. Ya ce mutumin da bindiga ke cije wa ba shi da hurumin tsayawa bayan baƙo yana koya masa. Muka roƙe shi ya zauna ko ƙwallon ya kalla, ya ce, "Najeriya ma ba ta zo ba, ni zaman me zan yi?" Bayan na dawo daga raka shi filin jirgi na tarar da buroshina a kan filo, baƙi ƙirin da mai. Ranar na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa.

Yanzu ga shi labarin rasuwarsa ya zo daga garinsu, Funtuwa. Allah ya jiƙan Baba Sajan, ya yafe masa, ya sa ciwon da ya sha ya zama kaffara. Mutumin da ya ƙi ɗora wa ƙarfe laifin da ba nasa ba, ya Allah ka miƙa masa littafinsa a hannun dama, ka ba hannun ƙarfin riƙewa. Amin.