Allon Ƙarshe na Mai Buroshi

Shekara talatin da ɗaya Mai Buroshi ya yi yana rubuta allunan shaguna, har sunansa na yanka ya ɓace a bakin mutane. Ba ya tsoma buroshi a fenti sai ya tsallaka titi ya kanne ido ɗaya, ya ga daga ina mai wucewa zai hango allon. Wani mai shago ya taɓa kawo masa kalma goma sha huɗu a rubuta masa. Ya dubi takardar, ya dubi mutumin, ya ce, "Ranka ya daɗe, allo kake so ko wasiƙa?"

Da injin buga talla ya shigo, aiki ya yi ta ja da baya har ya tsaya cak. Mu da muka zauna da shi ba mu taɓa jin ya yi ƙorafi ba. Matarsa tana gyaran jakunkuna da akwatunan tafiya a ɗan ɗakin da ke bakin ƙofar gidansu, sai ya zama ƙafarta. Da safe ya hau babur ya zaga tasha da kasuwa ya kwaso masu mataccen zif da karyayyar taya, da yamma ya mayar wa masu su. Injiniya yake kiranta, ita kuma ta ce masa Malam.

Sai ciwon ƙoda ya kama shi. Likita ya raba shi da babur, aka sa masa wankin ƙoda sau biyu a mako. Allah ya sani, ba mutuwa ce ta tsaya masa a rai ba. Gidansu a ƙarshen lungu yake, inda ba mai bi sai wanda ya ɓata hanya. In ya tafi, wa zai san akwai mai gyara a wurin?

Surukinsa, mijin babbar 'yarsu, ya buɗe wa Injiniya shafi a intanet, da hotuna gwanin kyau. Wata biyu ko kira ɗaya ba a samu ba. Ran nan Mai Buroshi ya ce ya zo ya nuna masa cikin abin. Surukin ya durƙusa a gefen kujera, yana miƙa waya da hannu biyu.

"Wannan layin na sama fa?"

"Take ne, Baba. Shi mutum zai fara gani in shafin ya fito a bincike."

"Wato allo ke nan. Me ka rubuta?"

"Barka da Zuwa."

"Kai, yaron kirki. Ka taɓa ganin wanda zif ɗinsa ya tsinke ya fita neman barka da zuwa?"

Surukin ya sunkuyar da kai yana dariya. Daga ranar suruki ya zama malami, Mai Buroshi ya zama ɗalibi mai gardama. Ya koyi cewa take ba ya son ya wuce harafi sittin, in ya wuce sai a datse masa wutsiya. Ya ce ai katako ma haka yake. Ya koyi ɗan bayanin nan na layi biyu da ke zama a ƙasan take. Ya koyi cewa kowane hoto yana da gurbin da ake rubuta abin da ke cikinsa, don injin bincike ya gane, makaho kuma waya ta karanta masa. Hoto ashirin da uku ne, bai tsallake ko ɗaya ba.

Rigima ta tashi a kan take. Injiniya so take a sa Cibiyar Sabunta Kayan Tafiya ta Zamani.

"Cibiya? A ɗakin da in kin miƙe ƙafa sai ta fito waje?"

"Malam, ka bar ni in yi suna ko sau ɗaya."

"Suna kike so ko aiki?"

Don ya raba gardama sai ya tafi asibiti da kwali da biro. Yana kwance, injin na jan jininsa, yana tare duk wanda ya gifta. "Sista, in zif ɗin jakarki ya ƙi rufuwa, me za ki rubuta a waya?" Ya tambayi masu jinya, ya tambayi mai shara, ya tambayi dattijon da ke gadon kusa da shi. Ba wanda ya ce cibiya. Gyaran zif, suka ce. Gyaran tayar akwati. Mai gyaran jaka kusa da ni. Ya kawo kwalin ya ajiye wa Injiniya a kan keken ɗinki. Ta karanta, ta yi tsaki, ta ce a sa abin da mutanen suka faɗa.

Aka ware wa zif shafinsa, taya nata, kowanne da takensa da sunan unguwa. Mako uku suka wuce shiru. Jikinsa kuwa kullum ƙara sauka yake, ƙafafu sun kumbura, takalmi ya daina shiga. Ya sake aika wa surukin.

"Karanta mini duk abin da ke wurin saitin shafin nan. Layi layi, kada ka tsallake."

Surukin yana karantawa, can sai ya tsaya cak. Akwai wani ɗan gurbi da ke cewa a hana injin bincike nuna shafin, kuma da alama a kansa. Surukin da kansa ya sa alamar tun ranar farko, don kada a ga aiki bai kammala ba, ya manta bai cire ba.

"Baba, ka yafe mini. Wata uku na cinye muku."

Mai Buroshi ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Mun rubuta allo mun juya fuskarsa bango! Share hawayenka. Ni da na taɓa kafa allon mai magani a shagon mai aski? Cire kawai."

Aka cire. Surukin ya ce sai an yi haƙuri, injin bincike ba ya zuwa ranar da aka kira shi. Haƙurin ne Mai Buroshi ba shi da tabbacin zai kai. Ya sa aka juya gadonsa ya fuskanci ƙofa, don ya riƙa jin motsin ɗakin gyara.

Rana ta goma sha ɗaya, wajen la'asar, wata mata ta yi sallama tana jan akwati. Murya ce da ba su sani ba. Ya ɗaga kai daga matashi da ƙyar.

"Injiniya! Tambaye ta me ta rubuta."

"Malam, ka bari baƙuwa ta zauna mana."

"Tambaye ta!"

Matar ta ce hannun akwati ya maƙale ta rubuta, sai hoton wani akwati irin nata ya fito. Ashe bayanin da ya yi wa hoto na goma sha bakwai ne ya kawo ta.

Da baƙuwar ta tafi ya ce hannun akwati ma yana bukatar shafinsa. Ya miƙa hannu zai karɓi wayar, yatsun suka kasa riƙewa. Injiniya ta zauna a bakin gado ta ɗauka. Yana faɗa tana dannawa da yatsa ɗaya, wanda allura ta gama huda shi. Ta ƙirga haruffan a fili, suka haura sittin.

"Cire sunan unguwa," in ji shi.

"A'a. In na cire, ta ina za su san muna kusa? Wannan 'muna yin' ɗin zan cire, ba aikin da yake yi."

Ya dube ta. Sannan ya mayar da kai kan matashi, ya lumshe ido.

"Kin gama koyo. Danna."

Kwana tara bayan nan ya rasu, da hantsi, tana ɗakin gyara tana sa wa wata jakar makaranta sabon zif. Allah ya jiƙan aminina, ya sa ya huta.